Renon 'ya'yan Lami, daga hunturu zuwa gab da azumi

Lahadi, 8 ga Disamba, 2024

Kyanwarmu Lami ta haihu yau bayan sallar asuba, a cikin kwalin taliya da na shimfiɗa mata tsohon zani a sito. Mun daɗe muna sauraron ranar, domin tun makon farko na Oktoba muzurai suke zarya a kan katangarmu, kuma cikin kyanwa yakan yi kwana 63 zuwa 65. 'Ya'ya huɗu ne. Duk wanda ya faɗo sai ta yage jakar da ya zo a cikinta, ta lashe masa hanci da baki har sai ya yi kuka, ta datse cibiya da haƙoranta, sannan ta tura shi da kai zuwa ga nono. Babu wanda ya koya mata, kuma wannan ce haihuwarta ta fari.

Likitan dabbobi da ke duba mana awaki ya ba ni shawara in riƙa auna su kowace safiya ina rubutawa, domin ɗan kyanwa ba ya nuna ciwo da wuri, sikeli ne ke fara faɗa. Shi ne dalilin buɗe wannan littafi. Na sayi ƙaramin sikelin kicin a Sabon Gari a kan naira 9,500. Ja ɗin, wanda yara suka sa wa Jatau, giram 105 ne; Toka 98; Wake 92; ta ƙarshe, Auta, 81. Likita ya ce in tabbatar kowanne ya sha dakashi a yinin farko, musamman Auta, domin a cikinsa garkuwar jikinsu take, kuma bayan kwana ɗaya hanjinsu ba ya iya ɗaukarta.

Laraba, 11 ga Disamba

Cibiyoyin uku sun faɗi. Jatau 141, Toka 130, Wake 124, Auta 101. Abin da ake so shi ne ƙarin giram 10 zuwa 15 a rana, saboda haka Auta tana baya. Na fara ajiye ta a nonon da ke kusa da ƙafafun baya, wanda ya fi kawo ruwa. Lami ba ta fita sai don ban-ɗaki da shan ruwa, kuma da ta ji kukan ɗaya take barin kwanon abinci.

Asabar, 14 ga Disamba

Shekara biyu da suka wuce Lami ta shigo gidan nan ranar wata Alhamis, 'yar ƙarama, jiƙe da ruwan sama, shi ya sa 'yata Walida ta sa mata wannan suna. Hajiya, mahaifiyar maigida, takan ce sunan ya bi ta, kyanwar Lami ce ba cizo ba yakushi, domin yara suna goya ta suna ja mata wutsiya ba ta taɓa ɗaga musu farce ba. Daren jiya na ga wata Lamin daban. Wajen ƙarfe biyu wani baƙin muzuru ya shigo sito ta tagar da ragarta ta yage. Kafin in kunna tocila ta riga ta fito da shi tsakar gida, gashinta a tashe, tana binsa har kan katanga duk da ya kusa ninka ta a girma. Ta dawo da tsaga a kunnen hagu, amma ba ta tsaya lasar kanta ba sai da ta shinshina 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya.

Da gari ya waye ta kwashe su. Takan kama fatar ƙeyar ɗan da bakinta, shi kuma ya naɗe ƙafafu ya yi lamo kamar ba rai, ta ratsa tsakar gida da shi zuwa ƙarƙashin gadona. Sau huɗu ta yi sawu, ta kuma koma na biyar ta duba kwalin da babu kowa. Ban hana ta ba, na dai mayar da kwalin inda ta zaɓa.

Talata, 17 ga Disamba

Idanun Jatau da Toka sun fara buɗewa daga gefen hanci, shuɗaye masu hazo. Auta ta kai 148. Da daddare na tsaya kallon yadda Lami ke kwanciya: sai ta zagaya sau biyu, ta sauke jikinta a hankali, ta ɗaga ƙafa ɗaya har sai na ƙarƙashinta ya gusa. Na tuna hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Allah ya kasa rahama kashi 100, ya riƙe 99 a wurinsa, ya saukar da ɗaya a ƙasa, daga wannan ɗayan ne halittu ke jin ƙan juna, har dabba take ɗaga kofatonta daga kan ɗanta don gudun kada ta taka shi. Na sha karantar da shi a aji, amma ban taɓa ganinsa kusa haka ba.

Juma'a, 20 ga Disamba

Lami ta mutu yau kafin kiran assalatu. Zan rubuta yadda abin ya faru tun ban manta ba.

Jiya da la'asar ta haura katanga, abin da ta fara yi kwana biyun nan saboda yunwar shayarwa, domin mai shayar da huɗu tana cin ninki biyu ko uku na abincinta, ni kuwa ban ƙara mata yadda ya kamata ba. Wajen magariba Sadiku ya kira ni: “Umma, zo ki ga Lami.” Na same ta a bakin rariya tana amai, miyau yana dalala, ƙafafun baya suna rawa. A cikin aman akwai busasshen kifi da ƙwayoyin da muke kira shinkafar ɓera. A haka ta ja jiki, tana faɗuwa tana tashi, tun daga rariya har ƙofar ɗakina, ta shiga kwalin ta kwanta ta gefe don su sha.

Na kira likita, ya ce in raba su nan take, kada su sha nonon, kuma kada in ɗura mata manja ko madara kamar yadda aka saba, domin dabbar da ke karkarwa tana iya shaƙar abin da aka ɗura mata ya tafi huhu. Cire 'ya'yan daga jikinta shi ne abu mafi wuya da na yi a wannan shekara. Suna kuka, ita kuma tana ɗaga kai tana amsa musu da wannan siririyar muryar da take kiransu da ita. Maigida ya samo keke muka kai ta. An yi mata allurai da ƙarin ruwa, karkarwar ta lafa, likita ya gaya mana gaskiya cewa gubar ta riga ta bi jiki. Muka dawo da ita gida wajen sha ɗaya. Na kwantar da ita a tabarma kusa da kwalin inda za ta ji motsinsu, na zauna da hannuna a kan haƙarƙarinta har numfashin ya tsaya.

Kuɗin asibiti naira 14,000, keke zuwa da dawowa 2,000.

Maigida ya haƙa rami a gindin lemun tsami, muka naɗe ta a zanin da ta haihu a kai. Walida ta yi kuka har muryarta ta dishe. Wata baƙuwa da ta shigo gaida Hajiya ta ce mata, “Ke kuwa, a kan mage?” Hajiya ce ta amsa, ta ce, “Ƙyale ta, Hajiya, rai ne, kuma a hannunta ta girma.” Da dare na ba Walida labarin Abu Umair, ƙanen Anas bn Malik, yaron da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya same shi cikin damuwa, bai tsawata masa ba, sai ya kira shi da alkunya yana tambayarsa labarin tsuntsun nasa. Ta tambaye ni ko ni ma na yi kuka, na ce mata na yi.

Lahadi, 22 ga Disamba

Kwana biyun nan na yi kurakurai biyu, kuma dukansu na rashin sani ne.

Na farko, a daren Alhamis da ba ni da komai a hannu na dama musu madarar gari ta shayi. Zuwa yammacin Juma'a ukunsu suna zawo. Madarar shanu ba ta yi wa ɗan kyanwa, sukarinta ya yi masa yawa, maiƙo da abin gina jikin da ke cikinta kuma ba su kai na nonon uwarsa ba. Jiya maigida ya samo gwangwanin madarar da aka yi musamman don 'ya'yan kyanwa a wani shagon magungunan dabbobi, naira 18,000, da sirinji da auduga na 2,000. Likita ya tsara mini: mililita 7 zuwa 8 ga manyan, 5 ga Auta, kowace awa uku dare da rana, da ɗuminta kamar na jiki. Ana kwantar da ɗan a kan cikinsa kamar yadda yake kwanciya a jikin uwa, ba a rigingine kamar jariri ba, a riƙa matsa sirinjin ɗigo-ɗigo. Idan madara ta fito ta hanci an yi sauri.

Na biyu ya fi ba ni tsoro. Daren Juma'a Wake ya kwana yana tsala kuka, cikinsa ya yi tauri kamar ƙwallo. Ashe ɗan kyanwa ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya kai mako uku ko fiye. Lasar da nake gani Lami tana yi musu a ƙarƙashin wutsiya, wadda na ɗauka wanka ce kawai, ita ce ke sa su yi, kuma ita take shanye abin da ya fito don kada kwalin ya yi warin da zai jawo muzuru. Kwana 11 tana wannan aiki ban sani ba. Yanzu bayan kowace ciyarwa nakan jiƙa auduga da ruwan ɗumi in riƙa shafa wurin a hankali har sai sun yi. Da na yi wa Wake a karon farko fitsarin ya jiƙa audugar har ya bi hannuna, ya yi shiru, ya yi barci a tafina.

Kowace ciyarwa tana cin minti 40, daga dafa ruwa zuwa wanke sirinji. Sau takwas a rana. Allah ya sa muna hutun makaranta. Nauyinsu ya tsaya cak, Auta ma ta ragu da giram 9.

Talata, 24 ga Disamba

Zawon ya tsaya. Jatau 251, Toka 238, Wake 219, Auta 166. Hazo ya sauko sosai, sanyin asuba a Zariya yana shiga ƙashi. Ina naɗe gorar ruwan zafi a tawul in sa a gefe ɗaya na kwalin, in bar ɗaya gefen don wanda zafi ya dama ya matsa.

Alhamis, 26 ga Disamba

Auta ta bi uwarta.

Bayan ciyarwar sha biyun dare barci ya sace ni, ban ji ƙararrawar ƙarfe uku ba, sai wajen biyar na farka. Gorar ta huce. Manyan uku sun cure wuri ɗaya, ita kuwa ta gangara lungun kwalin, jikinta da sanyi, bakinta ma da sanyi. Saboda ruɗewa na ɗauka yunwa ce, na matsa mata madara. Daga baya likita ya bayyana mini a waya cewa ba a ciyar da ɗan da jikinsa ya yi sanyi, domin hanjinsa ya tsaya da aiki, madarar za ta zauna ne kawai ko ta koma huhu. Abin yi shi ne a fara ɗumama shi a hankali a jikin mutum, a shafa masa ɗan ruwan sukari a dasashi, sai ya farfaɗo a ba shi abinci. A makonnin farko ɗan kyanwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa, jikin uwa ne bargonsa, shi ya sa Lami ba ta nisa. Na sa Auta a cikin rigata tun daga lokacin har hantsi, ina jin numfashinta yana ƙara nisa da juna. Ta cika wajen ƙarfe tara, tana da kwana 18.

Likita ya ce wadda aka haifa da ƙarancin nauyi irin nata, ta kuma rasa uwa ta yi zawo, ko a hannun ƙwararru ba kullum take tashi ba. Na karɓi maganarsa, amma na san da na tashi ƙarfe uku da gorar ba ta huce ba. Mun binne ta kusa da Lami. Daga yau maigida ya karɓi ciyarwar sha biyu, ni ta uku, kuma gora biyu ake sawa, a canza ɗaya a kowace ciyarwa. Hajiya ta kawo shawarar kaskon gawayi, na roƙe ta mu bar shi, saboda hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ma balle su.

Lahadi, 29 ga Disamba

Mako uku. Jatau 318, Toka 301, Wake 284. Ƙananan haƙoran gaba sun ɓullo, kunnuwa sun miƙe, suna tafiya suna tangaɗi. An ba su maganin tsutsar ciki na ruwa gwargwadon nauyin kowanne, naira 2,500, za a maimaita bayan mako biyu. Tazarar ciyarwa ta koma awa huɗu.

Laraba, 1 ga Janairu, 2025

Ba wani sabon abu. Toka ta yi fitsari da kanta a kan tawul. Har yanzu idan na buɗe gwangwanin kifi nakan waiga ƙofar kicin.

Litinin, 6 ga Janairu

An koma makaranta, saboda haka ciyarwar hantsi da ta azahar sun koma hannun Hajiya, wadda da farko ta ce ba za ta iya riƙe sirinji ba. Yau na dawo na tarar da su ukun a kan cinyarta tana jan carbi. Na fara yaye: dafaffen naman kaza da aka niƙa, a dama da madararsu ya zama kamar kunu, a faranti mara zurfi. Jatau ya shiga ciki da ƙafafu huɗu, Wake ya ƙi sai da na shafa masa a leɓe. Na gargaɗi yara kada a ba su ragowar miya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa, kuma ko da wasa kada a ba su farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar kyanwa. Na ajiye musu tiren yashi, Toka ta tona ta yi ta rufe ba tare da an nuna mata ba. Gwangwanin madara na biyu, naira 18,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Wake ya kwana biyu bai ƙaru ba, da na ɗaga leɓensa na ga dasashin ya yi fari-fari. Na shafa gashinsa a kan farar takarda, wasu baƙaƙen ɗigo suka zubo, da na ɗiga musu ruwa suka koma ja. Kashin ƙuma ne, wato jinin da suka sha. A jiki ƙarami kamar wannan ƙuma kaɗai na iya jawo ƙarancin jini har ya kai ga mutuwa. Wani ya ce a fesa fiya-fiya a kwalin, na ƙi, haka kuma maganin ƙumar karnuka, wanda wasu nau'o'insa guba ne ga kyanwa. Na sayi matajin kwarkwata na naira 500, muka zauna a rana da Walida muna taje su muna tsoma matajin a ruwan sabulu. Daga Wake kaɗai mun cire 23. Na ƙone kwalin, na tafasa tawul da tsummoki, na share ƙarƙashin gado. Wannan ma aikin Lami ne, da harshe da haƙori take yinsa kullum.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mako shida. Jatau 668, Toka 630, Wake 587, dasashinsa ya dawo ja. An daina sirinji gaba ɗaya, an kuma maimaita maganin tsutsa a makon jiya, 2,500.

Yau na shiga gidan da aka sa gubar. Wata guda ina ɗaga wannan shiga saboda ban amince da bakina ba. Matar gidan ta girme ni, kuma ba mu taɓa samun saɓani ba. Na ce, “Yaya, ba ƙorafi na kawo ba, roƙo na zo yi.” Ta riga ta ji labari, idonta ya kawo ruwa, ta ce ɓeraye ne suka cinye mata rabin buhun masara, ta kwaɓa maganin da kifi ta ajiye a bayan kicin, ba ta kawo kyanwa a ranta ba. Na gaskata ta. Na nuna mata cewa inda kyanwa ta kai baki, kaza za ta kai, jikanta mai rarrafe ma zai kai. Na ba ta tarkon ƙarfe biyu da na saya naira 3,000, na kuma yi mata alkawarin Jatau idan ya isa rabuwa da 'yan'uwansa. Ta ce a ba ta, za ta riƙe shi amana.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Jiya suka cika mako takwas, yau aka yi musu rigakafin farko, wanda ya haɗa murar kyanwa da cutar da ke kawo amai da zawo tana karya garkuwar jiki, naira 10,000 kowanne. Jatau 925, Toka 880, Wake 846. Likita ya tabbatar Jatau da Wake maza ne, Toka mace.

Na tara lissafi tun daga sikeli: da kuɗin asibitin Lami, da madara, da magunguna, da tarko, da rigakafin yau, da kaza da ƙwai da kifi na kusan 15,000, ya kama naira 117,000. Kuɗin adashina na Janairu ne ya tafi a ciki, wanda na yi niyyar sayen kayan azumi da shi, kuma maigida ya ce zai cike wannan gurbin.

Abin da ya rage: rigakafi na biyu bayan mako uku zuwa huɗu, da na ciwon haukan kare idan sun cika mako 12, wato 2 ga Maris, wanda zai zo daidai da farkon azumi. Ba zan raba su kafin lokacin ba, domin marayu ne, a wurin kokawa da juna suke koyon inda cizo da yakushi ke tsayawa, abin da uwa ce ya kamata ta koya musu. Bayan nan Jatau zai koma maƙwabta, Wake kuma ƙanwata da ke Samaru ta roƙa. Toka za ta zauna, kuma na fara ajiye kuɗin aikin hana haihuwa da za a yi mata kafin ta kai wata shida. Kafinta zai zo ranar Asabar ya gyara ragar tagar sito. Walida ta jera duwatsu a gindin lemun tsamin don kada kaji su tona wurin, ta kuma ce in bar mata auna Toka daga gobe, ita za ta riƙa rubutawa a nan.